Ginin Hunturu a Kumasi: Wata Huɗu Zai Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a Sawaba, ina son gina ɗaki uku da falo, a zuba dakin, wato rufin kankare, a sama don in ɗora bene nan gaba. Ɗan kwangila ya ce in aka fara a farkon Disamba zai ba ni makulli ƙarshen Maris. Yayana kuwa ya ce ginin hunturu tsagewa yake yi, in jira. Wa zan bi? (Wata Hajiya daga Asawase)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Lokacin da ɗan kwangilar ya zaɓa daidai ne, amma alkawarin makullin ya yi yawa. A Kumasi ruwa yakan ɗauke daga wajajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, babbar damina ta kankama daga Afrilu zuwa Yuli. A cikin shekara babu sararin da ya kai wannan wajen haƙa tushe ba tare da ramin ya cika da ruwa ko gefensa ya rufta ba. Abin da za ki samu ƙarshen Maris shi ne gini a tsaye da dakin a kansa.

Ga lissafin, idan kuɗi da kaya ba su yanke ba. Haƙa, zuba kankaren tushe, jera bulo, ciko da daɓe ƙasa za su ci sati uku zuwa huɗu. Bulo har linta, wato kankaren saman ƙofofi da tagogi, wasu sati uku zuwa huɗu; kada birkila ya wuce layi biyar ko shida a rana, nauyin na sama yana matse simintin ƙasa da bai kama ba. Kafinta da mai rodi suna bukatar kamar sati biyu su shirya dakin. Bayan an zuba, sai a bar turakun da ke tokare da shi kwana 21, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma a kwana bakwai abin da ya samu bai wuce kashi biyu cikin uku ba. An kai sati 11 zuwa 13 ke nan. Ki ƙara hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ma'aikata da yawa ke tafiya garuruwansu, da kuma azumi in ya faɗo a ciki. Filasta, waya, famfo, tayil, ƙofofi da fenti suna nan ba a taɓa ba, su kuwa wata biyu ko fiye ne. Ki sa rai da Yuni. Wannan ba abin damuwa ba ne, aikin ciki ana yinsa ko ana ruwa.

Maganar Yayanki ma tana da tushe. Sanyin Kumasi bai kai ya hana siminti kamawa ba, irin na Turai da ruwa ke daskarewa. Matsalar iska ce. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana zuƙe ruwan saman kankare tun yana ɗanye. Saman sai ya tsuke alhali cikin bai motsa ba, a ga tsaga sirara-sirara cikin awowin farko. Leburori kan ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, wannan kuwa ƙara lalata shi ne. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya sha fiye da lita 25 ko kusa da haka, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne.

Maganin ban-ruwa ne. A zuba kankare da sassafe ko da yamma. A jiƙa allunan kafinta kafin zubi, don busasshen katako yana shan ruwan kankare, kuma iskar tana lanƙwasa shi ta buɗe haɗi, ruwan siminti ya tsiyaye a bar tsakuwa tsirara. Da an gama shafe saman a rufe da leda. Washegari a yi ɗan kewaye da yashi da siminti a bakin dakin a tara ruwa a kai, ko a shimfiɗa buhunan algarara a riƙa jiƙa su, aƙalla kwana bakwai, goma ya fi. Yayyafin safe kaɗai ba ya wadatarwa a Janairu, kafin hantsi ya bushe. Ginshiƙai a naɗe su da jiƙaƙƙen buhu.

Don haka ki tambayi ɗan kwangilar abu ɗaya tun yanzu: ina ruwan zai fito? Rijiyoyi suna ja baya a Fabrairu. In babu tanki a wurin da mai kawo ruwa tabbatacce, da yaron da aikinsa ban-ruwa kawai, jadawalin nan a takarda ya tsaya. Ki kuma rubuta a yarjejeniya cewa biya mataki-mataki ne, kuma ba a cire turaku sai injiniya ya gani. Izinin gini daga majalisar Asokore Mampong, wadda Sawaba ke ƙarƙashinta, a nema tun kafin Disamba.

Dakin da zai sha damina ba bene a kansa, a karkata samansa kaɗan zuwa magudana, a shafe rodin da aka bari tsaye da ruwan siminti saboda tsatsa.

Tambaya: Zan iya sayen siminti tun Disamba in ajiye saboda tashin farashi? (Wani Malam daga Tafo Zango)

Amsa: Za ka iya, Malam, amma na abin da za a yi amfani da shi cikin wata uku. A ɗora kan katako nesa da ƙasa da bango, kada jeri ya wuce buhu goma, a rufe da leda, a fara da wanda ya riga zuwa. Buhun da ya yi ƙullutu waɗanda yatsa ba ya murƙushewa, kada ya shiga ginshiƙi ko dakin. Bulo ne ya fi dacewa ka saya da wuri, ya samu ban-ruwa ya huta sati uku zuwa huɗu kafin a jera shi.