Jakar hawan Shere: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga wata jakar goyo mai cin lita 45 a gwanjon kasuwar Katako ta Jos, irin ta masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, kana tambaya ko za ta yi maka hawan duwatsun Shere da ke kusa da Jos na yini guda.

Gaskiya ta yi maka girma. Fitar sassafe a dawo kafin magariba, lita 20 zuwa 28 ta wadatar. Babbar jaka in ba ta cika ba, kayan ciki sai su riƙa kai da kawo, su karkatar da kai daidai lokacin da kake laluben inda za ka dafa. Igiyoyin da ka gani a gefenta na ɗaure katakon zamiya ne, aljihun gaban kuma na shebur ne da sandar neman wanda ƙanƙara ta binne a tsaunuka irin su Alps na Turai. A Shere ba abin da za su yi maka sai kama ƙaya da rassa.

Inda nake so ka sa ido shi ne ɗamarar ƙugu. Ita ce ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwatangwalo, kuma mutanenmu da yawa barinta suke tana reto, su dawo suna kukan wuya. Kada ka gwada jaka ba komai a ciki, don Allah. Sayi fiya wata guda goma ka zuba, kilo 5 ke nan, ka goya, ka fara ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, sannan ka ja na kafaɗa, na ƙirji a ƙarshe. Ka sunkuya, ka ɗaga hannu sama, ka kalli sama. In ta bugi ƙeyarka, ko ɗamarar ta hau cikinka, tsawon bayanta ba naka ba ne, ko da ta sanannun kamfanonin jaka irin su Deuter ko Osprey ce. Mai kaya zai ce za ta saba da jikinka. Ba ta sabawa.

Tunda gwanjo ce, juya cikinta. In rufin ciki yana ɓarewa ko yana danƙo a hannu, ruwa zai shige ta. Ja zif sau da yawa, ka matsa makullan roba ka ji ƙarar kamawarsu. Ɗinki mai gyaran takalmi zai yi maka, amma makullin ɗamara daidai da nata wuyar samu gare shi.

Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, iskar can ba irin ta Terminus da ke tsakiyar Jos ba ce, musamman a Disamba da Janairu. Bar wa rigar sanyi wuri, da ruwa lita 2 aƙalla. A Yuli da Agusta kuwa ka sa babbar leda a ciki ka zuba kayanka, waya da sallaya su fara shiga.