Ruwan Jidda garau ne, amma me ke kwance a taɓonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana jefa fatsa kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya kawo mana kifi. An ce akwai gubar ƙarfe a wurin, alhali ruwan garau yake. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hasken ruwa ba shaida ba ne. Dalma da jan ƙarfe da tutiya da kadmiyam da zaiba ba sa daɗewa a cikin ruwa. Maƙalewa suke a ƙwayoyin laka, su kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Fentin ƙasan jiragen ruwa na zubar da jan ƙarfe, ruwan masai da na masana'antu na kawo sauran. Ga Bahar Maliya, wadda Jidda ke bakinta, babu kogin da ke kwarara cikinta duk shekara, don haka lungun teku irin Buhairatul Arba'in da ke cikin Jidda, inda ruwa ba ya motsi sosai, sai ya riƙe abin da aka zuba masa.

Masu awo, irin na sashen ilimin teku a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, taɓon suke ɗiba, santimita biyar na sama, da cokalin roba, domin na ƙarfe yana gurɓata samfurin. Su busar da shi ba da zafi sosai ba, don zaiba tashi take da zafi, su tankaɗe a rariyar nailan mai ƙananan ramuka ƙwarai (mikron 63), su narkar da garin da asid kafin na'ura ta auna. Wanda ya ɗebo yashi zalla zai sami sakamako mai daɗin ji amma na ƙarya. In dalma ta haura miligiram 47 a kilon busasshen taɓo, ko jan ƙarfe 34, an fara jin tsoron illa ga halittun ƙasan ruwa. Lokacin yashe tashar jirage ya fi muni, domin ana tono abin da ya kwanta.

A gida kuwa, ku rage ƙaguwa da kifin da Larabawa ke kira buri na wannan wurin, su ne masu kiwo a laka. Ki zubar da hanta da kayan ciki, can kadmiyam ke taruwa. Zaiba a tsoka take, suya da lemun tsami ba sa fitar da ita, kuma ta fi yawa a tsohon kifin hamur mai girma. Mai juna biyu da yara ƙanana su ci ƙananan kifaye, maigida kuma ya matsa da fatsarsa nesa da tasha da bakin magudana.