Shin da gaske ne bayan wuya sai daɗi?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan da aka sallami maigidana daga aiki, kuma duk wanda ya zo yi mana jaje sai ya ce bayan wuya sai daɗi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, mutumin da a da yake cika gida da raha ya koma ko zaman majalisar ƙofar gida ba ya iyawa. Shin wahala ce take kai mutum ga farin ciki, ko maganar ta lallashi ce kawai?

Amsa: Malama, Allah Ya kawo muku mafita. Karin maganar tana da gaskiya, sai dai ba kowace irin wuya ce ta shiga cikinta ba, kuma a nan ne masu jaje kan yi kuskure duk da kyakkyawar niyyarsu.

Ki dubi mai azumi a lokacin bazara, wanda ya wuni maƙogwaronsa a bushe, ladan na kiran sallar magariba ya kai kofin ruwan randa bakinsa. Ruwan nan shi ne wanda yake sha kullum ba tare da ya kula ba, ƙishirwa ce ta dawo masa da daɗinsa. Zuciyar ɗan Adam tana saurin sabawa da ni'ima har ta daina jin ta. A shekarar 1978, masanin halayyar ɗan Adam Philip Brickman da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti a Amurka, suka tarar ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin a zo a gani ba, har ma ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira da aboki sun rage musu armashi. Ta wannan fuska, wanda bai taɓa rashi ba da wuya ya san darajar samu.

To amma wahalar mai azumi tana da dalili, tana da lokacin ƙarewa, kuma shi da dukan unguwa suke yin ta. Rashin aiki bai da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ba a san ranar fita ba, ba a ga hikimarsa a fili ba, sannan yana raba magidanci da jama'a saboda kunyar a tambaye shi ya aiki. Wani bincike da Richard Lucas da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, bayan an bibiyi dubban mutane a Jamus tsawon shekara 15, ya nuna cewa waɗanda suka rasa aiki, a jimlace, ba su koma matakin gamsuwarsu ta da ba ko bayan sun sami wani aikin. Saboda haka abin da kike gani a gidanki ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba. Haka nan binciken Mark Seery na 2010 ya gano cewa waɗanda suka gamu da jarrabawa daidai gwargwado sun fi waɗanda ba su taɓa gamuwa da ita ba juriya, amma waɗanda masifu suka yi wa rubdugu sun fi galabaita.

Ni a ganina lafazin Alƙur'ani ya fi karin maganarmu dacewa da halin da kuke ciki. A cikin Suratus Sharh an maimaita sau biyu cewa tare da tsanani akwai sauƙi, ba a ce bayansa ba. Wanda aka ce wa ya jira bayan wuya yakan jingine rayuwarsa kacokan har sai takardar ɗaukar aiki ta iso, alhali wanda ya fahimci “tare” zai iya cin tuwo da 'ya'yansa yau ya ji daɗinsa, bashi na kansa. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, wanda ke nuna cewa ba a neman wahala don kanta, kuma jin zafinta bai saɓa wa haƙuri ba.

Abin da ya rage gare ki shi ne ki taimaka a mayar masa da abin da rashin aikin ya ƙwace baya ga albashi, wato dalilin tashi da safe da kuma cuɗanya da mutane, ko da koyar da yaran unguwa ne ko tsayawa a shagon ɗan'uwa. Idan kuwa kin lura ya yi mako biyu ko fiye barcinsa ya lalace, abinci ya fita ransa, ko yana faɗin cewa gara ya mutu ya huta, to wannan alamar ciwon damuwa ce mai buƙatar likita, kuma ki sa wani babba da yake jin maganarsa ya raka shi asibiti ba tare da jinkiri ba.