Me ya sa alƙaluman cinikin Sudan suka faɗi bayan 2011?

Tambaya: Malam, ina nazari kan kayan da Sudan ke fitarwa waje, sai na ga alƙaluman sun faɗi warwas tsakanin 2011 da 2012. Kuskuren masu ƙididdiga ne, ko kuwa cinikin ne ya durƙushe haka?

Amsa: Ba kuskure ba ne, ɗan'uwa. Ƙasar da aka auna a 2010 ba ita aka auna a 2012 ba. Ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Ko da man ya bi bututu zuwa tashar jiragen ruwa ta Port Sudan da ke Sudan, ya zama kayan maƙwabciya da ke wucewa, kuma ba a sa kayan wucewa cikin abin da ƙasa ta fitar. Ga shi kuma gwamnatin Sudan ta Kudu da ke Juba ta dakatar da haƙo man a Janairun 2012 kan rikicin kuɗin bututu.

Akasari daga takardun kwastam ake tattara waɗannan alƙaluma, don haka inda shingen kwastam yake, nan lissafi yake. Motar kaya da ta tashi daga Prague zuwa Bratislava a Disambar 1992, cinikin cikin gida ta yi. Ita dai wannan mota, da direbanta da kayanta, a Janairun 1993 ta shiga lissafin cinikin ƙasa da ƙasa, domin Czechoslovakia ta rabu biyu, Prague ta faɗa Jamhuriyar Czech, Bratislava kuma Slovakia. Sai ka ga ciniki ya ƙaru a takarda, alhali ko kwali ɗaya bai ƙaru ba. Haka aka yi da Tarayyar Sobiyet ta tarwatse zuwa ƙasashe 15 a 1991.

Tuta ma ba ita ke yanke hukunci ba. Hong Kong ta koma hannun China a 1997, amma har yau yankin kwastam ne mai zaman kansa, da nasa alƙaluman.

A Comtrade, rumbun alƙaluman ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya, za ka tarar an raba tsohuwar Sudan da ta yanzu, kada ka jera su a layi ɗaya. In kana son kwatanta shekarun, haɗa na Sudan da na Sudan ta Kudu, ka cire cinikin da ke tsakaninsu. Bayanan Sudan ta Kudu ba su da ƙwari, ni dai na fi yarda da abin da masu sayen manta, irin su China, suka rubuta sun shigo da shi.