Ma'anar "unscathed" da inda ake tuntuɓe da ita

Ɗan'uwa, ka ce ka ga "The driver escaped unscathed" a jarida, kana tambaya ko nufinta direban bai mutu ba. Ta wuce nan. Nufinta ya fita ko ƙwarzane babu. Wanda aka ciro da karaya ya tsallake rijiya da baya, amma kalmarsa ita ce survived. Dubi jirgin US Airways da ya sauka a kan kogin Hudson a New York ranar 15 ga Janairu, 2009. Duka mutum 155 da ke ciki sun rayu, sai dai wasu sun jikkata, har wata ma'aikaciyar jirgin ta samu mugun yanka a ƙafa. Duk wanda ya rubuta cewa kowa ya fita unscathed ya ɓata labarin.

Sharaɗinta shi ne sai an shiga haɗari. Ba a cewa yaro ya dawo daga kasuwa unscathed, sai in gobara ko tarzoma ta tashi a can. Shi ya sa take bin aikatau irin su escape, emerge, survive da walk away, kuma bayansu take zuwa. Siffa ce, kada ka liƙa mata -ly. Ba a sa very a gabanta, amma relatively ko largely suna shiga in an ɗan taɓu kaɗan. Ba jiki kaɗai take ɗauka ba, har gini, kamfani ko mutuncin ɗan siyasa bayan bincike.

Furucin ne ya fi kayar da mutane. Gaɓa biyu ce, ba uku ba, kuma a ta biyu ake danna murya. Harafin a na tsakiya kamar na day yake, th ɗin irin na this ne, sannan d ta biyo nan take. Masu cewa "anskated" sun ƙara gaɓar da babu ita.

Tushenta scathe ne, wato cutarwa, daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. Da wuya ka ji shi yanzu, amma scathing tana nan, ana faɗinta ga suka mai zafi.

Don Allah kada ka haɗa ta da scot-free. Wannan ta mai laifi ce da ya sha ba hukunci. In an sako wanda aka yi garkuwa da shi lafiya ƙalau, unharmed ta fi dacewa. In kuwa kaya ne suka iso ba abin da ya fashe, ka ce intact.