Filin Harshe: Shigar Burtu da Zargin da Ake Yi wa Hankaka

Wani mai karatu daga Alƙaleri ya ce ya ga burtu a Yankari, yana tambaya ko shi ake nufi idan an ce mutum ya yi "shigar burtu".

Shi ne, malam, amma tsuntsun ba shi da laifi, dabarar maharba ce. Burtu baƙin tsuntsu ne, tsayinsa ya kusa mita 1, a ƙasa yake yawo yana tsintar ƙadangaru da macizai da fāri. Namun daji sun saba da shi, ba sa firgita idan ya matso. Sai maharbi ya busar da kan burtu, ya kafa shi a lanƙwasasshen itace, ya ɗaure a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana caccakar ƙasa har ya kai inda kibiya za ta cim ma barewa. Daga nan aka ari maganar ga wanda ya zo da siffar mutumin kirki alhali da wata a ƙasa.

Mai son ganin burtu da idonsa ya fita daga sansanin Wikki da ke cikin dajin Yankari tare da ɗan jagora, bayan asuba zuwa hantsi, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Kunne kan riga ido, domin kukansa kamar ganga ce ake bugawa daga nesa. Fatar maƙogwaron namiji ja ce da shuɗi, ta mace shuɗiya zalla, idan ya tashi kuma sai farin gashin bakin fiffike ya bayyana. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya isa. Wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake yi a hannu. Kuskuren sabon shiga shi ne ya sunkuya neman madubi, kafin ya ɗago tsuntsu ya ɓace. Kafa ido a kansa, sannan ka kawo madubin ga idon. A bar farar riga a gida, a sa mai launin ƙasa. Wato shi ma mai kallon sai ya yi 'yar tasa shigar burtun.

Wata baiwar Allah daga Gombe kuma ta ce: me ya sa ake cewa "hankaka mai da ɗan wani naka"?

Mutanen zamanin da sun ɗauka hankaka ba ya ƙwai, na wasu yake ɗaukowa. Yana yi, hajiya. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ɗan tukku da ke faƙon sheƙar hankaka ya zuba nasa ƙwan a ciki, hankaka ya ƙyanƙyashe ya ciyar. Don haka masu karin maganar sun ga daidai, da gaske ana samun ɗan wani a sheƙar, sai dai hankaka aka yi wa wayo.

Shi kuwa ɗalibin da ya je Yankari a Janairu ya rasa shamuwa cikin nau'in tsuntsaye sama da 350 da ke dajin, lokaci ya kuskure. Shamuwa baƙuwar damina ce, da rani tana can kudancin Afirka. Shawara ita ce ya koma a watan Mayu, ya duba manyan itatuwan ƙauyuka ma tun kafin ya kai ƙofar dajin.