Na ba da lagireton Fijon babana a sake masa saƙa, an sayar da shi an sa mini na roba: ina mafita?

Assalamu alaikum Barista. Mahaifina ya rasu ya bar Peugeot 504 ƙirar 1982, haɗin Kaduna, shekara biyu ke nan ina tayar da ita a hankali. Lagiretonta ya toshe yana yoyo, sai na kai wa wani mai gyara a nan Kano. Muka yi da shi zai bar tankunan tagulla na sama da na ƙasa, ya cire ruɓaɓɓiyar saƙar tsakiya ya sa sabuwa ta jan ƙarfe mai layi uku. Muka daidaita a kan naira 180,000, na tura masa 120,000 ta banki. Da na karɓi motar ban buɗe bonet ba. Ranar da na fara hawa hanyar Zariya, kafin Kwanar Dangora inji ya ɗau zafi, gasket ya ƙone. Da aka buɗe sai ga lagireton wata mota, na hannu, mai tankin roba, an lanƙwasa ƙarafa an cusa shi. Na tambaye shi ina nawa lagireton, ya ce ya mutu, ya sayar wa 'yan gwangwan. Yanzu ma cikon 60,000 yake nema. Abokaina sun ce in sa 'yan sanda su kama shi.

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Na san abin da ya fi ci maka rai ya wuce kuɗi, domin wanda ya ɗauki shekara biyu yana tayar da motar babansa kowane ƙarfe na jikinta yana da daraja a wurinsa. Amma kafin mu shiga doka ina roƙonka abu ɗaya: kada ka bari a taɓa motar nan tukuna. Kada a cire lagireton robar, kada a jefar da ƙonannen gasket. Ɗauki hoton komai yadda yake, har da ƙarafan da aka lanƙwasa. Na sha ganin mai gaskiya ya faɗi a kotu saboda ya yi gaggawar gyara, ranar shari'a ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Yarjejeniyarku ta baki yarjejeniya ce cikakkiya a idon doka. Matsalarta kawai tabbatarwa. Shaidar tura kuɗi tana nuna an yi ciniki, amma ba ta faɗin abin da aka yi cinikin a kai. Saboda haka duba wayarka da kyau. In akwai saƙon WhatsApp ko na murya inda aka ambaci saƙar jan ƙarfe, ko layi uku, ko cewa za a bar tankunan, adana shi, kuma kada ka sauya wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da irin waɗannan amma da sharuɗɗa kan na'urar da suka fito. In kuma akwai wanda ya raka ka ranar, to ka sami shaida. Farashin ma kansa yana magana: mai gyaran lagireto na gaskiya zai iya gaya wa alƙali ko 180,000 kuɗin sabuwar saƙa ne ko kuɗin lagireto na hannu.

A kan aikin kansa ƙafarka a tsaye take. Ka sayi abu kaza, an ba ka wani daban. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPA ta 2018, ta ce a sashe na 130 duk wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, kuma a mayar masa da kayansa ba tare da sun fi yadda ya kawo su lalacewa ba. In an gaza, yana iya neman a gyara aikin ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Sashe na 117 kuma ya wajabta a bayyana wa mai saye idan kayan na hannu ne. Mutumin nan bai gaya maka ba. Cikon 60,000 da yake nema kada ka biya shi yanzu. Ladan aikin da ba a yi ba ne. Da motar tana hannunsa da ya iya cewa zai riƙe ta sai an biya, domin doka tana ba mai gyara wannan damar, amma tunda ya sake ta damar ta tafi.

Maganar tsohon lagireton ita ce na fi so ka riƙe da kyau, don mutane suna raina ta. Kayan da ka kai gyara amana ne, mallakarsa ba ta bar hannunka ba. Ko da saƙar ta mutu murus, tankunan tagulla ba su mutu ba, su ne ma dalilin sake saƙa: a narkar da dalmar da ta liƙe su, a zare tsohuwar saƙa, a liƙa sabuwa, lagireto ya koma mazauninsa daidai kamar yadda ya fito daga masana'anta. Idan ya ga tankunan sun fashe, abin da ya kamata shi ne ya kira ka ka gani da idonka, ka zaɓa. Sayar da su ba da izininka ba cin dukiyarka ne, kuma shi ne zai yi bayanin inda suke, ba kai ba. Fiƙihun Malikiyya ma haka ya tafi. A Risala ta Ibn Abi Zaid an faɗa ƙarara cewa masu sana'a suna lamunin abin da suka keɓanta da shi na mutane, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Abin da za ka nema shi ne kuɗin samo lagireton 504 na asali irin naka a kasuwar yau, ba kuɗin kilon tagulla da 'yan gwangwan suka biya shi ba. Sai dai ka sani, kotu ba ta cika biyan diyyar ɓacin rai a kan yarjejeniya irin wannan ba, duk da cewa na babanka ne.

Inda zan gaya maka gaskiya mai ɗaci shi ne injin. Doka ta yarda a biya asarar da ta biyo bayan saɓa alkawari idan abu ne da kowa zai hango, kuma kowa ya san lagireton da bai dace da mota ba yana iya sa inji zafi. Amma sai ka tabbatar cewa lagireton ne ya jawo. Motar ta haura shekara 40. Zai ce famfon ruwa ne, ko bel ɗin fanka ya saki, ko tiyo ya fashe, ko dama can gasket ɗin ya gaji. Sannan za a tambaye ka: da allurar zafi ta hau, ka tsaya nan take ko ka ce bari in ƙarasa gari na gaba? Kan silindar 504 na alminiyam ne a kan gangar inji ta baƙin ƙarfe, zafi kaɗan ya wuce kima sai ya karkace. In ka ci gaba da tafiya bayan ka ga alama, alƙali zai iya rage abin da za a ba ka. Don haka nemo bakanike mai zaman kansa, wanda ya san Fijo kuma ba shi da alaƙa da ɗayanku, ya duba motar, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ka gayyaci mai gyaran ya halarta, a rubuce, don kada gobe ya ce an yi a bayan idonsa.

Batun 'yan sanda, ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani don karɓar kuɗi yana iya wayar gari shi ake ƙara kan tauye haƙƙi. Gaskiya ne sayar da kayan amana yana iya zama laifin cin amana a dokar hukunta laifuka ta Final Kod, kana da damar kai ƙorafi a kan wannan kaɗai. Amma ofishin 'yan sanda ba zai dawo maka da tankunan ba, ba zai gyara injin ba.

Fara da takardar neman haƙƙi. A rubuta abin da kuka yi alkawari, abin da ya yi, abin da kake nema da adadinsa, a ba shi kwana 14, ka riƙe kwafi da shaidar ya karɓa. A lokaci guda ka je wurin shugaban garejin ko reshen ƙungiyar makanikai ta NATA na yankin. Sau da yawa maganarsu ta fi takardar lauya saurin aiki a kan ɗan sana'a, domin a cikinsu yake cin abinci. Duk abin da aka sasanta a kai a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Kuma tun yau ka tambaye shi wane ɗan gwangwan ya sayar wa, ka bi sawu da kanka. In ba a riga an farfasa ba, kana iya fanso tankunan ka ɗora kuɗin a kansa.

In sulhu ya ƙi, kana iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ko takwararta ta jihar Kano. Kotu kuma ƙofa biyu ce. Kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 tana da sauri kuma ba dole sai da lauya ba, amma an yi ta ne don kuɗin da adadinsa ya riga ya tabbata, kamar 120,000 ɗinka. Diyyar inji da ƙimar tsohon lagireto suna buƙatar shaida da ƙiyasi, saboda haka ƙarar yau da kullum a kotun majistare, ko Kotun Shari'ar Musulunci idan ku biyun Musulmi ne, ta fi dacewa da su. Kada ka raba ƙarar gida biyu, haɗa komai wuri ɗaya. Lokacin shigar da ƙarar yarjejeniya yana da iyaka, shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu, amma kada ka jira ko wata uku, domin shaidu suna mantuwa. Idan rahoton bakaniken ya fito, kai shi wurin lauya tare da hotunan da shaidar banki kafin ka sa hannu a kan kowace takardar sulhu.